Hannun da Ya Zaro Hijabin Auta

Tun ranar da aka sallamo Auta daga asibiti, Malama ba ta yarda ta kalli wuyan ƙanwar tata ba. In za ta miƙa mata shayi sai ta kalli kofi, in za ta gyara mata filo sai ta kalli bango. Auta kuwa ba ta cewa komai, don likita ya hana ta yawan magana. Ido kawai take bin yayarta da shi, kuma wannan kallon ya fi zagi ciwo a wurin Malama.

Da safen nan tana zaune a bakin gado tana goge takalminta, Umma ta ɗaga labule.

"Ke 'yar nan, yayanki na falo tun ɗazu. Sai na aiko miki da sammaci za ki fito ki gaishe shi?"

"Umma, zan makara. Yau ne taron iyaye."

"Taron ba zai gudu ba. Mutum ya rufe shagonsa ya zo wanke wa ƙanwarki ciwo, ko sannu ba za ki ce masa ba?"

Yayan da ake magana ɗan wan Umma ne, kowa Mai Kemis yake ce masa. Ya daɗe yana son Malama, ta daɗe tana yi masa hanya-hanya. Da Baba ya amince Injiniya, wani malami a makarantar da take koyarwa, ya turo manyansa, sai Mai Kemis ya janye ƙafa daga gidan. To ga shi ƙafar ta dawo, ta dawo da auduga da ruwan wanke ciwo, kuma babu wanda zai ce masa don me.

Ta fita ta durƙusa daga nesa.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau, ƙanwata. Kin ga yadda kika rame kuwa? Ki daina sa abin a ranki, ai ba laifinki ba ne." Ya juya wajen Umma. "Wallahi Gwaggo, da injin nan ya ƙara juyi ɗaya, da yanzu wani zancen ake yi. Mutum a ba shi amanar 'ya'yan mutane ya juya musu baya."

"Bari kawai," in ji Umma. "Allah ne ya tona mana asirinsa tun kafin a ɗaura."

Malama ta sunkuyar da kai. Ba laifinki ba ne. Kowa haka yake ce mata, daga maƙwabta har malaman makaranta, kuma duk wanda ya faɗa sai ta ji kamar ya ɗora mata bulo a ƙirji.

Ga yadda abin ya faru.

A makarantar da take koyar da lissafi, tun da aka kafa ta, in an kaɗa ƙararrawar darasin sana'a maza ne ke shiga ɗakin injina, mata su nufi ɗakin ɗinki. Ba wanda ya rubuta haka a ko'ina, haka kowa ya taso ya gani. Malama ce ta fara cewa ba ta yarda ba. Tana ganin 'yan matan da ke kayar da maza a lissafi suna leƙe ta taga, Auta a gabansu, hanci manne da gilashi. Ta yi ta zarya ofishin Shugaban makaranta har ya gaji da ganinta ya ce a gwada.

Malamin ɗakin injina, wanda ɗalibai ke kira Injiniya, shi kaɗai ya tsaya mata a cikin malamai maza. Daga tsayawar ne kuma zance ya zarce inda zukata suka kai shi.

Sai dai kowa ya kafa mata sharaɗi. Baba ya ce Auta za ta shiga, amma da hijabinta har gwiwa, a sake, yadda take fita daga gidansa. Injiniya ya ce duk yarinyar da za ta matso kusa da inji sai ta cusa hijabinta cikin shuɗiyar rigar aiki ta ɓalle maɓalli har wuya. Malama ta ce wa Baba to, ta ce wa Injiniya to. Ta san sarai taura biyu ba ta taunuwa, amma ta ce a ranta in dai ƙofar ta buɗe, sauran mai sauƙi ne.

Ranar farko ta leƙa ɗakin. Injiniya na can ƙurya yana nuna wa wasu yara awo. Auta na tsaye kusa da injin huda ƙarfe, ta ɓalle rigarta har wuya, bakinta ya ƙi rufuwa don murna. Malama ta tuna Baba ya ce yana son gani da idonsa. Ta matsa, ta sa hannunta ta zaro hijabin daga cikin rigar, ta baza shi ya sauka har gwiwa, ta ɗauki hoto ta tura wa Baba. Ana haka aka kaɗa ƙararrawa, ta tuna ajinta na jira, ta fita da sauri. Ba ta ce wa Auta ta mayar da shi ciki ba.

Ko allo ba ta gama gogewa ba ta ji ihun.

Wannan shi ne abin da ta sani, Auta ta sani, Injiniya ya sani. Sauran duniya kuwa abin da suka sani shi ne malami ya bar yarinya gaban inji da hijabi a sake.

Da ta isa makaranta ba ta bi ta ɗakin malamai ba, kai tsaye ta nufi ɗakin injina. Ƙofar a buɗe take. An rufe injinan da buhuna. Injiniya na tsaye yana jera sifana a jikin allo da hannun hagu, don na daman har yanzu a naɗe yake, inda ƙarfe ya yanke shi lokacin da yake fizge hijabin daga bakin injin.

Ta yi sallama. Ya amsa, ya juyo, ya yi mata murmushin da ta fi tsoro fiye da faɗa.

"Yaya jikin Auta?"

"Da sauƙi. Naka hannun fa?"

"Ya kusa warkewa. Jiya har cokali na riƙe, ko da yake rabin abincin a riga ya ƙare."

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga ta. Ta jingina da teburin aiki ta rufe fuska da mayafi.

"Yau zan faɗa musu, Injiniya. Wallahi yau zan tashi gaban kowa in ce ni ce. Ba na iya cin abinci, ba na iya tsayuwar salla da natsuwa. Ina ji ana zaginka a cikin gidanmu, ni kuma ana ba ni haƙuri. Wace irin mace ce ni?"

Ya ajiye sifanar. Ya jawo mata kujera, shi ya zauna a kan akwatin kayan aiki, nesa kaɗan.

"Zauna, Malama. Ki ce ke ce, to daga nan fa? Me za su tambaye ki?"

"Su tambayi abin da suka ga dama."

"Za su ce don me kika zaro shi. Ki ce don Baba ya ce sai da hijabi a sake. Sai wani uban ya miƙe ya ce shi ma bai san ana cusa hijabin 'yarsa cikin rigar maza ba. Wani ya ce to ai ga shi nan, kayan mata da inji ba sa haɗuwa. Kin san Shugaba, ba ya son hayaniya. Kafin a sha ruwa an rufe magana."

"To sai a bar ƙarya ta zauna?"

"Ki saurare ni da kyau. In aka ce sakacin malami ne, malami za a canja. In aka ce hijabi ne, yaran za a canja."

Ta ɗago tana kallonsa, hawaye na sauka har haɓarta.

"Kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya," ya ci gaba. "Ɗakina ne. Ya kamata in duba kowace yarinya kafin in kunna wuta. Na duba da farko, ban sake dubawa ba."

"Don ba ka zaci wadda za ta warware maka aiki ita ce wadda ka fi yarda da ita ba."

Ya dubi hannunsa.

"Baba ya ce in ka sake taka ƙofar gidanmu sai ya haɗa ka da hukuma," ta ce. "Ka san da haka? Ka san Yaya Mai Kemis kullum yana falonmu? Umma har ta fara cewa na gida ba ya cin amana. Kai ba ka damu ba ne? Ko dama neman hanyar rabuwa da ni kake?"

Nan ne fuskarsa ta canja.

"Kada ki ƙara faɗin haka. Shekaranjiya na bi ta layinku na ga motarsa a ƙofar gida, sai da na tsaya a bakin titi don ban ga gabana ba. Kina zaton dutse ne a ƙirjina?" Ya sassauta murya. "Amma ni namiji ne da sana'a a hannu, ko'ina na je zan ci abinci. Fushin Baba kuma zai huce wata rana, in Allah ya so. Yaran nan fa? In aka rufe musu ƙofar nan yau, har 'ya'yansu su girma ba za a sake buɗe ta ba. Kin manta wahalar da kika sha?"

"Ban manta ba."

"Kin ga yarinyar nan mai sanda, wadda ke zama a bayan aji? Jiya ta tare ni a bakin famfo, ta ce Malam, in an dawo aiki a rage mata tsawon tebur, ita ma tana so. Yarinyar da ko sunanta aka kira ba ta ɗaga kai. Me zan ce mata?"

Malama ta kifa kai a kan teburin tana kuka mai cin rai. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Ki yi min alkawari," ya ce. "Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ki yi shiru."

"Kana roƙona in yanka ka da hannuna."

"Ina roƙonki ki ƙarasa abin da kika fara."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta miƙe, ta goge fuska, ta fita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Babban ɗakin taro ya cika maƙil. Iyaye maza a gaba, mata a baya, malamai a gefe. Shugaba ya yi dogon bayani wanda ba wanda ya riƙe komai a cikinsa, sannan ya ba Baba dama.

Baba mutum ne mai sayar da fenti, ba mai yawan magana ba, amma in ya yi ta sai ta zauna. Ya miƙe ya ciro wayarsa ya ɗaga.

"Ni ba zan yi wa kowa ƙazafi ba, ga hoto. Yayarta ce ta turo min ranar, ina shago, har na nuna wa maƙwabcina don farin ciki. Ku duba. Ga yarinya, ga inji, ga hijabi yana lilo. Ina malamin? Ba ya nan. Ni ban san aikin ƙarfe ba, amma ko fanka ce a ƙasa ba na barin yaro kusa da ita da zani a sake. Shi da ya sani, me ya hana shi ya gaya mana akwai haɗari?"

Wayar ta fara zagaya hannuwa. Malama na kallon hotonta, wanda ta ɗauka da hannunta, yana tafiya daga wannan uba zuwa wancan, kowa ya gani ya girgiza kai. Ta dafa kujerar gabanta za ta tashi. Daga can gefe Injiniya ya kalle ta, ya girgiza kai kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gane.

Ta koma ta zauna.

Injiniya ya miƙe. Ya ce sakacinsa ne, ya ba iyaye haƙuri, ya ba Baba haƙuri. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a hukunta yara da laifin malami, domin a 'yan kwanakin shiri da ya yi da su ya ga hannuwan da bai taɓa gani ba a cikin maza.

"Wannan kuma ba kai za ka faɗa mana ba," in ji Baba. "Mutumin da na ɗauka ɗa, har na ce ya turo manyansa. Na gode Allah da ya nuna min kai da wuri."

Aka yi ta muhawara. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a sallami Injiniya, a kawo wani malamin, 'yan mata kuma su ci gaba da shiga. Wasu iyaye mata a baya har da tafi. Shugabar ɗalibai mata ta rungume Malama a bakin ƙofa tana cewa, "Anti, mun ci nasara."

Ta saman kafaɗar yarinyar Malama ta hango shi yana miƙa wa Shugaba makullan ɗakin injina. Da hannun hagu ya miƙa, suka zame suka faɗi, ya sunkuya ya ɗauka ya sake miƙawa. Bai waiwayo ba har ya fita daga ƙofar makaranta.

Da la'asar Baba ya aika a kira ta. Yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, Umma na gefe tana tsince shinkafa. Tagar ɗakin su Auta a buɗe take, labule na motsi.

"Zauna, Mamana."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta zauna ta naɗe ƙafa.

"Na san abin nan ya yi miki ciwo. Ba zan yi miki dole ba, ban taɓa yi ba. Amma maganar yaron nan ta ƙare, ki tattara duk abin da ya taɓa ba ki a mayar masa. Yayanki ya yi min magana. Na ce masa sai abin da kika ce."

"Me za ta ce?" in ji Umma. "Ai wanda ya tsaya maka ranar wuya shi ne naka."

Malama ta ji maganar ta shige ta har ƙashi, ko da yake ba wanda Umma ke nufi ta tuna ba.

"Bar ta ta yi tunani," in ji Baba. Ya dube ta da taushin ido. "Yau na yi alfahari da ke. Ina kallonki a wurin taron. Kina son mutum, amma da gaskiya ta fito ba ki tashi kin kare shi ba. Ko hoton nan, ba don kin turo ba, da me zan kafa hujja? Ke dai ba ki taɓa munafuntata ba, Mamana. Allah ya yi miki albarka."

Zagi ta jure, harara ta jure, kallon Auta ma ta jure. Albarkar nan ce ta kasa ɗauka.

"Baba, kada ka sa min albarka."

Umma ta tsayar da hannu a cikin tire.

"Ni na zaro mata hijabin. Injiniya ya sa ta cusa shi cikin riga, ya ɓalle musu maɓalli har wuya, ya gaya min tun farko cewa a sake haɗari ne. Na ɓoye maka don kada ka hana ta. Na ɓoye masa sharaɗinka don kada ya fasa. Na shiga yana can ƙurya, na zaro shi don in ɗauki hoton da zai faranta maka rai, na fita na bar ta haka. Ni ce, Baba. Hannuna ne."

Kaza ta zo tana tsattsagar shinkafar tiren, Umma ba ta kore ta ba.

"Shi ya sani?" Baba ya tambaya a hankali.

"Ya sani."

"Ya sani, ya tsaya na tozarta shi gaban jama'a?"

"Shi ya roƙe ni in yi shiru. Ya ce in aka san gaskiya, yaran za a kora."

Baba ya ciro wayar ya daɗe yana kallon hoton.

"Wato sauran yaran ma haka ake cusa musu hijabi a riga, iyayensu ba su sani ba."

"Baba, don Allah..."

"Kin sa na ci mutuncin bawan Allah da bakina. Kin sa na tsaya gaban iyaye na ba da shaidar zur. Yanzu kuma kina so in bar su a cikin duhu, kamar yadda kika bar ni?"

Ya miƙe ya ɗauki hularsa. Umma ta ce, "Malam, ka tsaya ka huce tukuna," bai ko kalle ta ba. Suka ji ya tayar da babur a ƙofar gida, ƙarar ta yi nisa. Ba wanda ya san ko gidan Injiniya ya nufa ko gidan Shugaba, ko duka biyun.

Malama ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki. Ta yi zaton in ta faɗa za ta ji sauƙi, kuma ta ɗan ji, har ta ji kunyar jin sauƙin.

Auta na zaune a kan gado kusa da taga. A cinyarta akwai shuɗiyar rigar aikinta, wadda ta roƙa a kawo mata daga makaranta, ta ɗinke maɓallin da ya tsinke. Karon farko tun da abin ya faru, Malama ta dubi bandejin wuyanta sosai.

"Auta, ki yafe min."

Auta ta haɗiye yawu da ƙyar. Muryar ta fito a dushe, kamar ba tata ba.

"Na yafe miki tun a asibiti, Yaya. Kin zaci na manta ne? Likita ya tambaye ni, Umma ta tambaye ni, Baba ya tambaye ni har da rantsuwa." Ta shafa rigar. "Ni da aka shaƙe ma na yi shiru, don ina so in koma. Ke me ya hana ki?"

Auta ta ninke rigar a hankali, ta tura ta ƙarƙashin filo, ta juya fuskarta bango.